Yadda muka je Ghana a mota daga Kano, muka hau dutse muka shiga teku

Tun da na dawo mutane ke damuna da tambaya, wai da gaske a mota muka je Ghana, wace takarda ake nema, ba a tsare mu a boda ba, ina muka dinga kwana. Na gaji da maimaita labari ɗaya shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi tun daga farko, don mu kam da za mu tashi babu wanda ya yi mana bayani, komai a hanya muka koya, wani da aljihunmu wani da ƙafafunmu. Mu biyu ne, ni da wani abokina da muka yi makaranta tare, kowa da jakar goyo guda ɗaya, a watan Nuwamba bayan ruwa ya ɗauke, kwana 16 daga fita zuwa dawowa.

Tun kafin mu bar gida muka fara tafka kuskure. Fasfo dai muna da shi, kuma ɗan Najeriya baya buƙatar biza zuwa Benin ko Togo ko Ghana, dokar ECOWAS ta baka kwana 90. Abinda muka raina shi ne katin rigakafin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Mun ɗauka abu ne na minti goma, sai da ya rage saura kwana shida mu tashi sannan muka biya kuɗin ta intanet, muka buga takardar shaida muka je ofishin lafiya na filin jirgi da fasfo. Layin ba wani mai tsawo bane, wajen awa biyu muka yi aka yi mana allura aka bamu katin, sai ma'aikaciyar take cewa kun dai san sai bayan kwana 10 da allura katin yake fara aiki ko? Muka kalli juna. Dole muka ɗaga tafiyar da kusan mako guda, abokina ya koma wajen aiki yana roƙon a gyara masa hutu. Daɗin abin dai allurar sau ɗaya ce a rayuwa, in ka adana katin ka huta.

Daga Sabon Gari muka hau lakzuriyos da la'asar, ba mu shiga Legas ba sai washegari da rana tsaka. Wannan ɓangaren ba sai na ja shi ba, duk wanda ya taɓa yi ya sani, ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage, ga tsaye-tsaye. Muka kwana Agege wajen wani kawun abokina, shi ne ma ya ce mana ku tashi da asuba in ba haka ba dare zai same ku a ƙasar mutane. Akwai manyan motoci da ke tashi daga Legas kai tsaye har Accra, su karɓi fasfon kowa su je su bugo hatimi, amma mu ba Accra muka nufa da farko ba kuma muna son rage kuɗi, sai muka zaɓi tafiyar guntu-guntu. Bayan sallar asuba muka kama hanyar Mile 2, muka shiga ƙaramar mota mai zuwa Seme ta Badagry. Hanyar ba ta da wani nisa amma shingayen jami'ai kamar ba za su ƙare ba, wani wajen kana hango na gaba tun kafin ka bar na baya, don haka fasfo da kati su kasance a aljihun gaba, kar ka cusa su ƙasan jaka kamar yadda na yi, sau uku ina zazzage kaya.

A Seme gini ɗaya ne babba da Najeriya da Benin ke aiki tare. Kana sauka samari za su yanyame ka, kawo fasfo in taimake ka, zo in tsallaka da kai a babur ba sai ka buga ba. Kada ka miƙa wa kowa fasfonka in ba wanda ke zaune bayan tebur da kaki ba. Kuma kar ka yarda da zancen tsallakawa ba hatimi, don a boda ta gaba za a nemi hatimin shigarka, in babu ka shiga uku. Tsarin dai kusan ɗaya ne a duk iyakokin uku, a fara duba katin rigakafi, sai hatimin fita, sai hatimin shiga, wato kafin ka taka Ghana an buga maka shida. Maganar da kowa ke son ji kuma ita ce ta kuɗi. A ƙa'ida hatimin nan kyauta ne. A aikace kuwa, a ɗaya daga cikin wuraren, ba zan faɗi wanne ba, mutumin ya buɗe fasfon abokina ya ga fari fat ba a taɓa fita da shi ba, ya rufe ya ajiye gefe yace sabon fasfo kuɗinsa daban. Abokina ya fara ɗaga murya yana kawo doka, nan take aka manta da mu, muna tsaye wajen minti arba'in mutane na wuce mu. Wani dattijo ɗan kasuwa da ke bayanmu ne ya ja ni gefe yace ɗana, nan wajen ba a faɗa, ka gaishe shi da kyau, ka ce ku ɗalibai ne marasa ƙarfi, ka miƙa abinda ya sawwaƙa. Haka aka yi, daga sefa dubu biyar aka dawo dubu biyu, ba rasit. Raina ya ɓaci sosai ba zan ɓoye ba, amma wasu teburan ko sisi ba a tambaye mu ba, har da wanda ya yi mana fatan alheri.

Wajen canji ma sai da muka yi abin dariya. Masu canjin yawanci Hausawa ne, da yawa 'yan Nijar, na miƙa naira mutumin yace zai bani jika ashirin, ni kuma a Kano na taso inda jaka ɗaya naira 200 ce, sai na fara lissafin banza ina neman in ce ya cuce ni. Ashe a wajensu jika ɗaya sefa 1000 ce. Ka sa ya rubuta maka a kalkuleta ka gani da idonka, kuma ka roƙi ƙananan takardu, 'yan 500 da 1000, domin in ka fito da ta 10,000 a gaban mai babur ko a gaban tebur to sunanta ta tafi. Daga nan mota zuwa Kwatano, muka hau zem, wato 'yan acaɓarsu masu rigar ruwan ɗorawa, suka kai mu inda ake hawa motar Lome. Muka wuce ta Ouidah har bodar Hillacondji. Da ka shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, haka Ghana ma, wayata ba ta gyara kanta ba sai da na ji kiran sallah ya saɓa da lissafina sannan na gane. A Lome muka kwana a wani ɗan masauki, titin bakin teku da itatuwan kwakwa jere, a nan abokina ya fara ganin teku ido da ido ya tsaya shiru ya kasa cewa komai sai Allahu akbar.

Bodar Ghana a jikin garin Lome take, da ƙafa ma za ka iya tsallakawa ka faɗa Aflao. Su sun fi kowa tambaya, ina za ka, kwana nawa, a ina za ka sauka, akwai fom da ake cikewa da adireshin masauki, saboda haka ka riƙe sunan wani gidan baƙi da garinsa a rubuce tun kafin ka zo. To a nan ne muka yi dabarar da nake alfahari da ita. Kusan kowa daga Aflao Accra yake wucewa sannan ya sake hawowa yankin Volta, mu kuwa muka nemi motar Ho kai tsaye, daga Ho muka sake hawa ta Hohoe, muka tsira da kwana guda cur. Motocin su ne trotro, irin bas ɗinmu ta hayis, da yaron mota da suke kira met. Ba ta da lokacin tashi sai ta cika, a Aflao mun zauna fiye da awa ɗaya muna jiran mutum uku. Jaka in ta shiga but ana biya mata daban. Sannan wata tsohuwa mai sayar da ayaba ta kusa sa ni gudu da tace kuɗin ayabarta dubu hamsin, ashe sidi biyar take nufi, tun 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗinsu amma wasu tsofaffi har yau da tsohon lissafi suke magana.

Mun shiga Hohoe dab da magariba, ba mu san kowa ba. Abinda ya cece mu a nan da ma duk sauran garuruwan shi ne kalma ɗaya, zango. Ka tambayi kowa ina zango, za a nuna maka, can za ka samu masallaci da abincin da hankalinka zai kwanta da shi da masu jin Hausa. Bayan sallah liman ya ji harshenmu yace baƙi daga ina, muka ce Kano, kai ka ga murna, nan da nan aka haɗa mu da wani saurayi ya raka mu masauki mai sauƙin kuɗi. Hausarsu daban ce kaɗan, mace ma sai ka ji an ce ya zo ya tafi, da farko ina ta gyara musu a zuciyata daga baya na ga ai ni ne baƙo, na kama bakina.

Washegari muka hau tasi ta haɗaka zuwa ƙauyen Wli, dab da iyakar Togo, don ganin ruwan da ke zubowa daga kan dutse, akwai mazubar ƙasa da ta sama. Akwai ofishin baƙi a bakin hanya, nan za ka rubuta suna ka biya a haɗa ka da ɗan rakiya. Ka sani tun yanzu, a duk wuraren yawon buɗe ido na Ghana kuɗin ɗan ƙasa daban na baƙo daban, kuma baƙar fatarka ba za ta cece ka ba, kana buɗe baki sun gane. In kana da katin makaranta ka taho da shi ana ragewa. Za a tambaye ka ta ƙasa za ka ko ta sama. Ta ƙasa tafiya ce shimfiɗaɗɗiya ta kamar minti 45 cikin daji, kana tsallaka ƙananan gadoji a kan rafi ɗaya da ke ta lanƙwasa, ɗan rakiyar yana nuna mana bishiyar koko, ni da ban taɓa ganin koko a jikin uwarsa ba sai a gwangwani. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rugugi, sannan iska mai sanyi da feshi ta doke ka, ruwa na zubowa daga tsayin kusan mita 80, ga jemagu dubbai maƙale a jikin dutsen. Da a nan muka tsaya da lafiya lau. Amma ƙuruciya ta sa muka ce ta sama ma za mu je. Jama'a wannan ba yawo bane, hawa ne na gaske, wani wajen da hannu da ƙafa kana kama saiwar bishiya, ƙasa ga santsi, ni kuma da takalmin kanbas mai sulɓin ƙasa. Sau biyu ina zamewa, ruwan shan da muka ɗauko leda bibbiyu ya ƙare tun ba mu kai rabi ba. Ɗan rakiyar da silifas yake tafe yana waya abinsa. Mun dawo ƙauyen bayan kusan awa shida gwiwoyina na kaɗawa, sallar ranar a zaune na ƙarasa ta.

Da mun san haka da mun huta kwana ɗaya, amma washegari muka ɗau babur zuwa Liati Wote don hawa Afadjato, dutsen da ake kira mafi tsayi a Ghana, wai mita 885. A lissafi ba wani abu bane, Chappal Waddi na Taraba ya haura mita 2,400. Abokina ma cewa ya yi shi da ya saba hawa Dala wannan me zai masa. Minti ashirin da farawa ya zauna a kan dutse yana haki yana cewa Malam ka wuce kawai ka gaishe su. Matsalar dutsen ba tsayi bane, miƙewa ce, babu zagaye-zagaye, sama kawai ake yi. Mun kai ƙololuwa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, kana ganin ƙauyuka ƙanana da duwatsun Togo a gabas kore shar. Aka ce mana in hunturu ya kankama hazo na rufe komai, wato mun zo a kan gaɓa. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ka karɓi sandar da za su baka kar ka ji kunya. Ku fara da sassafe, ƙarfe bakwai, kafin rana ta buɗe.

Daga Hohoe muka gangara Accra, muka tsallaka kogin Volta ta gadar Adomi kusa da Akosombo. A Nima muka sauka, wallahi in ka rufe ido ka ce Fagge kake. Muka yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda Turkawa suka gina. Abinci kuwa sai ka yi dariya, waakye da duk Ghana ke ji da shi shinkafa da wake ce, sunan ma daga wake ya fito, ga tuo zaafi, ga koko da ƙosai da safe da suke kira Hausa koko. Kwana biyu muka yi muka wanke kaya muka huta, sannan muka je tashar Kaneshie muka hau motar Cape Coast. Nisan bai wuce kilomita 150 ba amma cunkoson Kasoa kaɗai ya ci mana fiye da awa, garin da sunansa ma kasuwa ne aka lanƙwasa.

A Cape Coast muka shiga tsohon gidan nan na bakin teku da Turawa suka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi, washegari kuma na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ana biya a ƙofa, a jira a tara ku rukuni, sannan mai bayani ya shiga da ku. Ya kai mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa na maza ya kashe fitila na ɗan lokaci, ga zafi ga wani wari da har yau bai bar wajen ba, sama da ɗakin kuma coci ne. Ni da na zo yawon shaƙatawa sai na ji jikina ya mutu. Abin da ya fi tsaya min shi ne da yace da yawa daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwar Salaga. Salagar nan fa ita ce ta ƙasar Gwanja da kakanninmu ke fataucin goro, mun taso muna jin Gwanja a bakin tsofaffi kamar wajen arziki kawai, ban taɓa haɗa ta da ƙofar gidan nan da ake fita da bayi ba a dawowa ba. Ranar ba mu yi wata hira ba har muka kwanta.

Gandun dajin Kakum kuwa, mai gadojin igiya a saman bishiyoyi, daga kasuwar Kotokuraba ta Cape Coast ake samun mota, kamar kilomita 30 arewa da gari. Mun je ranar Asabar, kuskure ne, 'yan makaranta da 'yan coci bas-bas, muka yi kusan awa biyu kafin a kira rukuninmu. Sai an ɗan hau tudu tukunna sannan a iso gadojin, guda bakwai ne na igiya da katako mai faɗin tafin ƙafa biyu, an ɗaure su daga bishiya zuwa bishiya sama da mita 30 daga ƙasa. Raga ta kai maka har ƙirji, ba yadda za a yi ka faɗo, amma je ka gaya wa zuciyarka. Da na taka ta farko ta fara lilo, yaran da ke bayana kuma da gangan suke tsalle, babu addu'ar da ban karanta ba. Daga ta uku na saki jiki har na iya kallon ƙasa. Kar ka sa ran ganin giwa ko wani babban naman daji, suna can ciki amma hayaniya ba ta barinsu fitowa, mu dai tsuntsaye da malam-buɗe-littafi muka gani.

Zangonmu na ƙarshe Busua ne, daga Cape Coast zuwa Takoradi, daga nan Agona Nkwanta, sai tasi zuwa bakin ruwa. Ƙauyen masunta ne da yashi mai laushi, a nan ake koyar da hawan igiyar ruwa da allo. Na biya na awa ɗaya, aka fara koya min a kan yashi yadda zan kwanta in yi iyo da hannu in miƙe tsaye, aka ɗaura min igiyar allon a ƙafa. Ni iyon kududdufi na iya, teku kuwa wani abu ne daban, na sha ruwan gishiri har ta hanci, sau ɗaya tak na tsaya kamar daƙiƙa uku, kuma hoton nan ne nake ta nuna wa mutane. Mai koyarwar ya ja kunnenmu sosai, kar mu shiga inda ba mutane, in ruwa ya ja ka ciki kar ka yi kokawa da shi ka nufo gaɓa kai tsaye, ka yi gefe tukunna. Ranar Talata muka tashi da niyyar cin ɗanyen kifi muka ga jirage duk a kan yashi, ashe masunta ba sa fita ranar Talata, sai muka taka zuwa Dixcove muka ga tsohuwar ganuwar Turawa muka dawo. Abinci a nan kifi da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, muka lizimta don ba mu san yankan wajen ba.

Dawowa mun gaji da ciniki, muka hau babbar mota daga Accra har Legas, ta fi tsada amma ko sau ɗaya ba mu yi magana da kowa a kan hatimi ba, sai dai a sauko a nuna fuska.

Ban rubuta jimillar kuɗi ba da gangan, domin yadda naira ke rawa duk abinda na faɗa yau ƙarya ne wata mai zuwa. Abinda zan ce, motar Kano zuwa Legas da dawowa da kuɗin kwana su suka cinye mafi yawa, ku tafi ku biyu ku raba ɗaki, kuma ka ware wani abu daban na boda a aljihun da ba na ainihin kuɗinka ba. Kar ka dogara da katin banki, tsabar kuɗi ka riƙe ka raba su wuri biyu ko uku. Yi rigakafin nan sati biyu kafin tafiya, ɗauki hoton fasfo da katin ka ajiye a waya ka kuma yi fotokwafi. Kowace boda ka tsallaka ta da rana, kowace doguwar mota ka kama ta safe don ita ke saurin cika. Takalmi mai ƙwarin ƙasa ya fi duk wata riga da za ka ɗauko, ni rabin kayan da na loda ban sa su ba sai nauyi da suka ƙara min a kan Wli. Ka taho da maganin sauro da na zazzaɓi, da ledar da za ka sa waya da fasfo saboda feshin ruwa. Tsakanin Wli ta sama da Afadjato ka bar kwana ɗaya, Kakum kuma ka je tsakiyar mako da sassafe. Sidin da ya rage maka ka canza shi tun a Aflao, silallan kuwa ka sayi ruwa da su kafin ka tsallaka, nawa suna nan cikin kofi a kan talabijin babu mai karɓa.